Rough Rider: 'Yar Libarbar Da Ba Ta San Gardama Ba

Idan ana hirar bindigar hannu a Amurka, sunayen da ke fara zuwa bakin mutane su ne Glock da Sig Sauer da Colt, masu tsada, masu kwarjini, waɗanda 'yan sanda da sojoji ke ratayawa a ƙugu. Ni kuwa a kan wata 'yar talaka na ɗauki alƙalami yau, kuma tun daga farko ba zan ɓoye ba, ina son ta, so na gaske. Sunanta Rough Rider, kamfanin Heritage ne ke ƙera ta. Libarba ce mai cin harsashi shida na ƙaramin awo, wato .22, kuma a yawancin kantunan bindiga kuɗinta bai kai dala 200 ba. Sau da yawa a kan 150 ko ƙasa da haka za ka same ta, lokacin rangwamen ƙarshen shekara kuwa takan faɗi har mutum ya sake duba takardar farashin don ya tabbatar idonsa ya gani daidai. Da kuɗin Glock guda ɗaya sai ka sayi uku irinta, a miƙo maka canji.

An ce araha ba ta ado, kuma a nan ba a yi ƙarya ba. Ba za ka ga ƙyallin nan mai zurfi na tsofaffin bindigogin Colt a jikinta ba. Baƙin da ke kan gangar jikinta shafi ne, in ta daɗe tana shiga kube tana fita yakan koɗe a kusurwoyi. To amma ado daban, aiki daban. Tambayata ga kowace bindiga guda biyu ce: in an ja kunama za ta tashi? In ta tashi, harsashin zai je inda aka auna? Rough Rider ta amsa mini waɗannan tambayoyi da e, ta maimaita, ta sake maimaitawa, har na daina tambaya.

Siffarta ta Colt Single Action Army ce, wadda aka fara ƙerawa a 1873, bindigar kaboyi ke nan. Duk wanda ya taso yana kallon finafinan kaboyi a silimomin Kano ko Jos ko Kaduna zai gane ta tun daga nesa: dogon bututu siriri, ganga mai juyawa a tsakiya, guduma mai doguwar ƙeya a baya, da mariƙi mai lanƙwasa wanda ke zama a tafin hannu daram. Sunan ma kowane Ba'amurke ya san shi, laƙabin rundunar mahayan sa-kai ne da Theodore Roosevelt ya yi yaƙi da ita a Kuba a 1898. Tawa mai bututu inci 6.5 ce, nauyinta bai cika kilo ɗaya ba, mariƙinta na icen kokobolo ne, wani jan ice mai duhu da ake samu a Amurka ta Tsakiya. Wallahi wannan mariƙi kaɗai ya isa a yi wa bindigar kallon mai tsada. Zufar hannu da man goge ƙarfe suna ƙara masa duhu da santsi, kullum sai ƙara kyau yake yi.

Ga inda daɗin yake. Ka ɗora babban yatsa a kan guduma ka ja ta baya a hankali, sai ka ji ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, sau huɗu, kowace a rarrabe, ganga kuma tana juyawa tana kawo sabon gurbi daidai bakin bututu. In za ka ɗura, a ta biyu za ka tsaya. A nan ganga take sakin jiki, sai ka buɗe 'yar ƙofar da ke gefen dama, ka riƙa juya gangar da yatsu kana zura harsashi ɗaya bayan ɗaya. In an gama harbi haka za a sake buɗe ƙofar, a tura 'yar sandar da ke kwance ƙarƙashin bututu, kwanso ya faɗo da ɗuminsa, a juya, a sake turawa. Wasu na cewa wannan aiki ne mai cin lokaci. Haka ne, yana ci, kuma ni lokacin nan nake so. Mutumin da ya zura harsashi shida da yatsunsa ɗaya-ɗaya ba ya ɓarar da su, kowanne sai ya auna, ya riƙe numfashi, sannan ya saki.

Maganar aminci kuwa, wadda ita ce ta sa na rubuta wannan sharhi, sai an fara fahimtar harsashin kansa. A manyan harsasai, sinadarin da ke kunna albarushi yana cikin wani ɗan maɓalli ne a tsakiyar gindin kwanso, allura ta soke shi, wuta ta kama. A harsashin .22 babu wannan maɓalli. Sinadarin a jiƙe ake zuba shi cikin kwanso, a juya kwanson da sauri har ya watsu ya shige cikin leɓen gindin a zagaye, allura kuma leɓen take dannewa. Wannan dabara ce ta sa harsashin ya yi araha, ita ce kuma rauninsa. Wani lokaci sinadarin ba ya game zagayen duka, sai a bar wani wuri fayau. In allura ta faɗa daidai wurin, sai ka ji ƙyas kawai, babu tashi. Wannan yana faruwa a kowace bindiga mai cin .22, komai tsadarta, musamman da harsashin kwali mai 500 da ake sayarwa a kan araha.

To duba bambancin. Bindigar hannu mai ɗura kanta, irin mai magazin, da ƙarfin harsashin da ya tashi take aiki. Shi ne ke tura saman bindigar baya, ya cillar da kwanso, ya ɗana guduma, sifirin ya dawo da shi ya kwaso sabon harsashi. In harsashi ɗaya ya ƙi tashi, ko ya tashi da rauni, duk wannan jerin aiki ya tsaya cak. Kwanso ya maƙale a ƙofa, ko sabon ya shiga a karkace, sai mai harbi ya sauke hannu ya shiga gyara. Ga shi kuma .22 harsashi ne mai datti. Kan dalmar a shafe yake da kaki, albarushin yana barin toka, kafin a jima cikin bindiga ya yi danƙo. Rough Rider ba ruwanta da duk wannan, domin ba ta roƙon komai a wurin harsashi. Babban yatsanka ne injinta. Shi ke ɗana guduma, shi ke juya ganga. In harsashi ya ƙi tashi, ka ci gaba da nuna bakinta ga bara na ɗan lokaci don gudun mai jinkirin kamawa, sannan ka ja guduma, na gaba ya zo. Shi ke nan. In ka zo zazzagewa ka ciro wanda ya ƙi, ka juya shi yadda allura za ta sami sabon wuri a leɓen, ka mayar. Sau da yawa sai ya tashi a karo na biyu.

Na sha ganin wannan a filin harbi. Mutum a layin kusa da ni da bindiga mai ninkin kuɗin tawa sau huɗu, an sayar masa da harsashin da bai dace da ita ba, yana ta fama, ya ciro magazin, ya ja, ya buga, ya leƙa, ni kuwa da irin harsashin nan nasa ina ta kayar da gwangwani. Ba don na fi shi iyawa ba ne, bindigata ce ba ta zaɓen abinci.

Kuma da gaske nake, ba ta zaɓe. Gangarta za ta ɗauki .22 Long Rifle, wanda shi ne na yau da kullum, ta ɗauki .22 Long, ta ɗauki ɗan gajeren nan .22 Short, ta ɗauki masu rauni ƙwarai da ake yi don rage ƙara, ta ɗauki masu gudu, ta ɗauki mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin dalma da manoma ke harbin ɓera da maciji da shi a rumbu. Kana iya jera iri shida daban-daban a gurbi shida, ta harba su duka ba tare da ta yi tari ba. Wace bindiga mai magazin ce za ta yi haka? Sannan ga abin da ya fi burge ni: da ƙarin 'yan daloli kaɗan ana sayar da ita da ganga biyu. Ta biyun ta .22 Magnum ce, harsashin da kamfanin Winchester ya fito da shi a 1959, wanda ya fi tsawo, ya fi kauri kaɗan, ya kuma fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Canjin ba ya buƙatar sukundireba. Ka ja guduma rabi, ka buɗe ƙofa, ka danna ɗan maɓallin da ke gaban ganga, ka zare ƙusar da take juyawa a kai, gangar ta mirgino tafin hannunka. Ka sa ɗayar, ka mayar da ƙusa. Kafin shayi ya huce ka koma riƙe da wata bindiga daban, mai tsawa da walƙiya a baki. Sai dai a kiyaye, kowace ganga da harsashinta. Ƙaramin harsashi zai shige gurbin Magnum, amma gurbin ya yi masa yawa, kwanson yana iya tsagewa.

Wannan haɗi na ƙaramin harsashi da ganga mai juyawa ba sabon abu ba ne. Bindigar farko da Smith & Wesson suka yi suna da ita, Model 1 ta 1857, 'yar libarba ce mai cin bakwai, harsashinta kuma shi ne .22 Short da ake sayarwa har gobe. Shi kuwa .22 Long Rifle kamfanin Stevens ne ya fito da shi a 1887, dalmarsa ba ta wuce giram biyu da rabi da 'yan kai ba, kuma yau babu harsashin da ake ƙerawa da yawa a duniya kamarsa. Da shi ake gasar harbi ta mita 25 da ta mita 50 a wasannin Olamfik. A jihar Massachusetts kamfanoni biyu sun shafe shekaru aru-aru suna yi wa talakan Amurka libarba mai araha. Ɗaya shi ne Harrington & Richardson na garin Worcester, wanda aka kafa a 1871. Ɗayan Iver Johnson na Fitchburg, mai tambarin kan mujiya a mariƙi, wanda wani ɗan ƙasar Norway ya kafa, yana ƙera kekuna yana ƙera bindigogi. A farkon ƙarni na 20 da 'yan daloli ake yin odarsu daga kundin tallan Sears, a kawo wa manomi har ƙauyensu. Masu tara bindigogin alfarma ba su ɗauke su a bakin komai ba, amma je ka kasuwar tsofaffin bindigogi yau ka gani. Suna nan birjik, fenti ya tafi, mariƙi ya tsage, suna harbi. Na taɓa riƙa H&R 999, wadda ake kira Sportsman, mai cin tara. Ana karya ta ne daga sama, bututu ya sunkuya, kwanso tara su yi tsalle waje gaba ɗaya. Ranar na kasa mayar wa mai ita da wuri.

Uwar su Rough Rider ta kusa kuwa Ruger Single-Six ce. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Colt ya daina ƙera bindigarsa ta kaboyi, yana ganin zamaninta ya wuce. Sai ga finafinan kaboyi sun cika silima da talabijin a shekarun 1950, kowane yaro da babansa suna son irin bindigar da suke gani a ƙugun jarumi. William Ruger, wanda ya kafa kamfaninsa a 1949 a Connecticut, ya hango kasuwar, ya fito da Single-Six a 1953, siffar kaboyi, harsashin .22. Ta karɓu har Colt ya dawo da tasa a 1956, ya kuma biyo da ƙaramar .22 mai suna Frontier Scout a 1957. Single-Six bindiga ce ta gado, babu musu, amma kuɗinta yau ya ninka na Rough Rider sau uku ko fiye. Abin da Heritage ya yi tun da aka kafa shi a 1992 a Opa-locka ta jihar Florida shi ne ya sauko da wannan jin daɗi inda leburan gini da direban babbar mota da ɗalibi za su iya miƙa hannu su ɗauka. Kamfanin Taurus na Brazil ya saye shi a 2012, yanzu kuma a garin Bainbridge na jihar Georgia ake ƙera ta.

Mutane da yawa in sun ji farashin sai su yi zaton akwai ha'inci a ciki. Ni na bincika, na kwance, na duba, kuma na gane daga ina arahar ta fito. Inda wuta da matsi suke, wato bututu da ganga, ƙarfe ne sosai. Gangar jikin da ke riƙe da su kuwa gami ne mara nauyi wanda ake narkarwa a zuba a mazubi, ba sai an sassaƙa shi daga dunƙulen ƙarfe ba. A babbar bindiga wannan ba zai yiwu ba, amma gindin harsashin .22 ɗan mitsitsi ne, turin da yake yi wa jikin bindiga ta baya kaɗan ne, gamin yana ɗauka ba tare da ya gaji ba. An rage kuɗi a wajen goge-goge da ƙyalƙyali. An rage a wajen saiti, domin na yawancinsu ɗan tsagi ne a saman jiki da ɗan tsini a bakin bututu, ba a matsar da su. Sannan ƙirar kanta ta ƙarni na 19 ce, 'yan sassan da ke motsi a ciki ba su da yawa, kowane maƙerin bindiga ya san su, kuma abin da babu shi a cikin inji ba ya lalacewa. Wasu jihohi irin su Illinois suna da dokar da ta hana sayar da bindigar hannu mai jikin da ke narkewa a ƙaramin zafi, saboda haka kamfanin yana yin mai jikin ƙarfe zalla domin irin waɗannan wurare.

Akwai wani abu a jikinta da masu son tsohuwar ƙira ke ƙorafi a kai, ni kuwa ina yaba shi. A gefen hagu na guduma an sa wata 'yar sakata. In tana sama, wani ƙarfe yana tare guduma, ba za ta kai ga allura ba. In ka sauke ta sai jan ɗigo ya bayyana, alamar bindiga a shirye take. Sun ce kaboyi bai san wannan ba, ta ɓata siffa. Ni dai na ga amfaninta ranar da na fara koya wa wani harbi. Duk da haka tsohuwar al'adar masu irin wannan bindiga tana nan, kuma ina bin ta: in za a ɗauke ta a kube, biyar ake ɗurawa, a bar gurbin da ke ƙarƙashin guduma babu komai. Ka sa ɗaya, ka tsallake ɗaya, ka sa huɗu, ka ja guduma har ƙarshe ka sauke ta a hankali, sai ta kwanta a kan gurbin da ba kowa.

Darajarta ta gaske ba a ranar saye take bayyana ba, sai a watannin da ke biyowa. Harbi sana'ar hannu ce, maimaici ke kawo ƙwarewa, maimaici kuma kuɗi ne. Harsashin .22 na kwali bai kai santi goma ba kowane ɗaya. Na 9mm ya ninka shi wajen sau uku, na .45 Colt, wanda asalin bindigar kaboyi ke ci, yana kusan dala guda. Wanda ya sayi babbar bindiga yakan je fili da kwali ɗaya mai 50, ya harba yana lissafi, ya koma gida. Mai Rough Rider yakan je da 500, ya wuni, ya dawo da saura. Bayan shekara guda wa kake jin zai fi iya saiti? Masu harbi a Amurka sun san darajar wannan ɗan harsashi sosai a 2013, lokacin da ya yi ƙaranci, kantuna suka koma rabo da ƙa'ida, mutane suna layi tun da asuba saboda kwali biyu ko uku.

Ga kuma rashin shuri. Ɗan wani abokina, saurayi mai hankali, an fara masa da babbar bindiga, tsawar da shurin suka shige masa jiki. Duk lokacin da zai ja kunama sai ya runtse ido ya dannar da bakin bindiga ƙasa tun kafin ta tashi, harsashi yana ta cin ƙasa a gaban bara. Mahaifinsa ya kawo shi wurina. Muka sa masa tabarau da abin toshe kunne, na nuna masa yadda zai riƙe, na ja masa kunne kada yatsansa ya kusanci tsagin da ke tsakanin ganga da bututu, domin wuta da burbushin dalma suna fita ta nan. Na ɗura masa guda ɗaya tak. Ya ja guduma da yatsa yana rawa, ya sauke sakata, ya auna, ya matsa. Tas! Bindiga ko motsi ba ta yi ba a hannunsa. Ya juyo da fuskarsa kawai, bakin bindiga yana kallon bara kamar yadda aka koya masa, ya ce, "Kawu, ai wannan ba ta shuri!" Na ce, "To ɗana, yanzu buɗe idonka duka biyu, ka kalli tsinin nan na gaba, ka matsa a hankali har ta tashi da kanta." Kafin la'asar yaron nan yana tara harsasai shida a wurin da tafin hannu zai rufe. Kunamarta ce ta taimake shi. Tunda guduma a ɗane take tun kafin a taɓa kunama, aikin kunamar sakin ta kawai ne, tafiyarta gajera ce, ba nauyi, hannu ba ya karkacewa.

Saitinta fa? Da dogon bututun nan, a nisan mita 15 gwangwanin lemo ba ya tsira, a mita 25 ma in hannu ya natsu ana samu. Tunda saitin ba a matsar da shi, kowace bindiga da halinta, wata tana kai harsashi ɗan hagu, wata ɗan sama. Mai ita yakan gane halin tasa cikin 'yan kwanaki, ya san inda zai ɗora tsini. Wanda ba ya son wannan akwai mai saitin da ake juyawa da sukuru, da ɗan ƙarin kuɗi. Manoma da masu ɗana tarko a karkarar Amurka da irin wannan bindiga suke yawo a gona, su harbi zomo ko kurege na miya, su kashe ɓeran da ya addabi rumbu.

Son da nake yi mata ba zai sa in ce ta dace da kowane aiki ba. Ba bindigar tsaron gida ba ce, ɗurinta a hankali ne, kowane harbi sai an ɗana. Kada kuma a riƙa sakin guduma a kan gurbi babu harsashi sakata tana ƙasa, domin allurar bindigar .22 gefen gurbi take nufa, yawan haka yana iya yi masa tabo. Sukurorin jikinta a riƙa duba su lokaci-lokaci ana ɗaurewa, kamar na kowace libarba irin wannan ƙira.

Abin da ya fi waɗannan duka nauyi a zuciyata shi ne masu kiran .22 abin wasa. Komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce. A jikin kwalin harsashin an rubuta gargaɗi cewa yana da haɗari har nisan fiye da mil guda. Da libarba .22 ta Iver Johnson aka kashe Sanata Robert Kennedy a 1968, shekarar da Amurka ta yi dokar da ta toshe shigo da ƙananan bindigogi masu araha daga waje. Da wata .22 mai araha, Röhm RG-14, aka harbi Shugaba Ronald Reagan a 1981, harsashi ya shiga huhunsa, kakakinsa James Brady kuma ya nakasa har ƙarshen rayuwarsa. Dokar da ke ɗauke da sunan Brady, ta 1993, ita ce ta kawo binciken da ake yi wa mai saye a yau. Kafin dillali mai lasisi ya miƙa maka Rough Rider sai ka cika shekara 21, ka cike takardar gwamnatin tarayya mai lamba 4473, an duba sunanka an tabbatar ba ka cikin waɗanda doka ta hana. Ni ban taɓa ganin wannan a matsayin takura ba. Tawa a akwatin ƙarfe mai makulli take kwana, babu harsashi a cikinta, harsasan suna wani wuri daban. Mai karatu a Najeriya kuma ya sani wannan hira ta Amurka ce, domin Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da sauran bindigogin hannu cikin jerin haramtattu, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa.

Babbar shaidar cewa Rough Rider ta yi nasara daga abokin hamayya ta fito. A 2019 Ruger da kansa ya sauko wannan kasuwa da Wrangler, a kan dala 249, mai jikin alminiyon, mai shafin Cerakote da ba ya saurin koɗewa, bututu inci 4.62. Na harba ta, kuma tubarkalla, bindiga ce mai kyau. Ba ta da sakata a waje, a ciki take da wata 'yar sanda da ke shiga tsakanin guduma da allura sai an ja kunama kawai, irin dabarar da Iver Johnson ya yi suna da ita tun 1894, Ruger kuma ya sa wa libarbobinsa daga 1973. Saboda haka ana iya cika gurbinta shida a ɗauka. Da ka buɗe ƙofa ganga take sakin jiki, ba sai an ja guduma rabi ba. A 2023 suka ƙaro Super Wrangler mai ganga biyu. Wanda ya sayi Wrangler bai yi asara ba ko kaɗan, kuma ina murna da gasar, domin talaka ne ke cin ribarta. Amma ni zuciyata tana wurin mai ƙas huɗu da jan ice, wadda ta riga kowa tsayawa a wannan farashi ta kuma riƙe shi shekara da shekaru.

Wanda ke zaune inda doka ta yarda, yake neman bindigar koyo ko ta gona ko ta nishaɗin ƙarshen mako, shawarata ya ɗauki mai bututu inci 6.5 da ganga biyu. Mai inci 4.75 ta fi daɗin ɗauka a ƙugu, amma doguwar ta fi sauƙin saiti ga sabon hannu. Ragowar kuɗin ya sayi tabarau, abin toshe kunne, akwati mai makulli, ɗan buroshi da man goge bindiga, da kwali biyu na harsashi iri daban-daban don ya ga wanda tasa ta fi so. In an dawo daga fili a zare ganga, a bi gurbi shida da buroshi ɗaya bayan ɗaya, musamman in an harba gajeren harsashi, domin yakan bar zoben toka da ke hana dogon shiga. A goge ƙusar tsakiya, a ɗiga mata mai kaɗan, a mayar. Aikin minti goma ne. Ni yanzu mai gurbi tara nake hari, na kuma ga wata mai bututu inci 16 a kanti wadda tun ranar ban daina tunaninta ba, in Allah ya hore duka biyun za su shigo akwatina.